Jirgin Nata'ala da Janaretan Malam Ɗahiru

Duk wanda ya tashi a unguwar Soron Ɗinki ta Kano ya san Malam Nata'ala, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutum ne da ba ya iya faɗa a hankali. Da ƙuruciyarsa shi ne ya fara buɗe gidan gem a unguwar, a zauren gidansu, da manyan injuna masu tsayin mutum, waɗanda ake jefa wa kwandala su tashi. Yara suka yi ta tururuwa. Iyaye kuwa suka ce ya zo ya lalata musu 'ya'ya, ana aiken yaro cefane sai a tsince shi a zauren Nata'ala ya ƙura wa gilashin inji ido. Aka yi ta kai ƙara har aka rufe wurin. Wanda ya fi kowa zaƙewa a wannan rigima shi ne maƙwabcinsa, Malam Ɗahiru tela, mai shagon ɗinki a jikin masallacin unguwa. Tun daga nan tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a taƙaice.

Injunan duk sun tafi, 'yan gwangwan sun farfasa su. Guda ɗaya Nata'ala ya hana a taɓa, wani mai wasan ƙaramin jirgin sama da ke ratsa teku yana kauce wa harbi. Yara suna ce masa Jirgin Nata'ala. Ya lulluɓe shi da tsohon bargo a kusurwar zaure, duk sanda aka kawo wuta ya yaye bargon, ya kunna, ya zauna yana kallo shi kaɗai. Sau nawa 'yan'uwa suka ce ya fitar da wannan tarkace a sami wurin ajiye babur? Ya ce sai dai a fitar da shi tare da injin. Gaskiyar magana, abin nan shi ne kaɗai shaidar da ta rage masa cewa aikin da ya kashe ƙuruciyarsa a kai ba shirme ba ne.

'Yarsa Bahijja ce ta jawo maganar. Ita gyaran waya take yi, tana da ɗan shagonta, hannunta kuma ba ya rawa. Wata rana ta ɗauki hoton injin yana aiki ta saka a intanet, don nishaɗi kawai. Kafin gari ya waye wani Tajuddeen, ɗan Kano mazaunin Abuja mai tara tsofaffin injunan wasa, ya cika ta da kira. Da ta gama sauraronsa ta zo gidan babanta.

"Baba, ashe injin nan naka a bakin rami yake tsaye."

"Wane rami? Jiya ma na kunna shi, ras yake."

Ta zauna ta yi masa bayani. Mutanen da suka ƙera shi, can a ƙasarsu, sun ji tsoron masu kwaikwayon kaya. Sai suka kulle wasan da wasu lambobin sirri, suka ajiye lambobin a wata 'yar ƙwaƙwalwa a jikin fanel ɗin injin, suka jona mata ɗan batir wanda bai kai babban yatsa ba. Muddin batirin na da rai, injin na tuna lambobinsa. Ranar da ya ƙare, shi ke nan, ko an sa sabo ba za su dawo ba. Gilashi zai kawo haske fayau, babu jirgi, babu teku.

Nata'ala ya tashi tsaye. "Kai, amma waɗannan mutane an yi mugaye! Na sayi kaya da guminna, a ɗaura masa ajali a ciki ba a gaya mini ba? Don ɓarawon da ban taɓa gani ba?"

"Haka suka yi, Baba. Tajuddeen ya ce duk waɗanda ya samo a Kaduna da Ibadan matattu ne. Akwai masu tayar da su, su cire ƙwaƙwalwar asali su dasa wata, wasan ya yi aiki. Amma masu tara su ba sa ɗaukar wannan a bakin komai, sun ce gangar jiki ce da ran aro. Wanda bai taɓa mutuwa ba shi ake nema, kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. Yawan kunna shi da kake yi ne ya tsawaita masa kwana."

Ta buɗe bayan injin da ɗan makullin da Nata'ala ke ratayawa a jikin carbinsa, ta ɗora na'urar awo a kan batirin. Da ta ɗago ta ce saura ƙiris, ba ta da tabbacin zai kai sati.

Magani ɗaya ne, a canja batirin injin yana kunne, don wutar waje ta riƙe lambobin kafin a liƙa sabon. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, an gama. To wa zai dogara da wutar Nefa a irin wannan? Sai mahaukaci. Aka gwada inbatar shagon Bahijja, mai ba da wuta daga batir, ta yi tsuwa ta mutu, ƙaton gilashin nan ya fi ƙarfinta. Fitar da injin kuwa ba zai yiwu ba, tun da aka gyara zauren aka ƙuntata ƙofar. Janareta mai lafiya guda ɗaya ne a lungun, na Malam Ɗahiru.

Nata'ala ya ce ko kusa. Ya yi ta faɗa, ya ce gara ya haɗiye batirin. Bahijja ta bar shi ya gama, ta yafa mayafinta ta tafi da kanta. Malam Ɗahiru ya saurare ta ta saman tabarau, ya ce albarkacinta a ja wayar wuta, amma shi bai ga abin tashin hankali a kan kayan wasan yara ba.

Ranar aikin Tajuddeen ya roƙa a jira shi. Ya ce dole ya ɗauki bidiyo daga farko har ƙarshe, don mutanensu ba sa yarda da labarin baka. An shirya farawa da hantsi, sai cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya, bai iso ba sai da rana ta take. Dogon mutum ne mai fara'a, ya durƙusa ya gaida Nata'ala, yana ɗagowa ya ga injin, sai ya manta da kowa. Ya zagaya shi, ya shafa gefensa, ya tsuguna a gaban ƙofar kwandala ya ƙura wa makullin ido.

"Baba, wannan makullin kamfani ne? Ba a taɓa fasa shi ba?"

"Wa zai fasa? Ina raye?"

"Allahu akbar. Baba, duk wanda na samu a ƙasar nan an huda makullin, an kira mai walda ya liƙa masa sakata da ƙaton kwaɗo kamar ƙofar shagon hatsi. Kai kaɗai ne ka bar shi yadda ya zo."

Nata'ala ya gyara hularsa, daɗi ya kama shi har wuya. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa yaba masa a kan injin nan.

Aka ja doguwar waya ta bi lungu har shagon ɗinki. Janareta ya tashi, jirgi ya bayyana a gilashi yana shawagi, kiɗansa na tashi siriri. Bahijja ta yi bisimilla, ta ɗaure hannun rigarta, ta cusa kai cikin bayan injin da ƙarfen narka dalma. Tajuddeen na riƙe da waya yana ɗauka, Nata'ala na haska mata tocila. Ta narka dalmar ƙafa ɗaya ta batirin, ta narka ta biyu, ta zaro tsohon batirin ta ajiye a faranti. Ya yi kumburi, gindinsa ya fara tsatsa.

"Baba, yanzu babu abin da ke riƙe da shi sai janaretan Malam Ɗahiru. Kuma sai na goge tsatsar nan tas kafin sabon ya kama."

Ba ta rufe baki ba ladan ya ɗaga murya da kiran azahar.

Kowa a unguwar ya sani, har jariri, cewa Malam Ɗahiru na jin kiran sallah yake kashe janareta. Janaretan a gindin tagar masallaci yake, kuma tun ranar da ya saye shi bai taɓa barin sa yana ruri a kan masallata ba. Ba a sa shi ba, ba a roƙe shi ba, abin ya zame masa jiki. Saboda kowa ya saba da shi ne ma babu wanda ya tuna da shi, ba Nata'ala ba, ba Bahijja ba, balle baƙon Abuja.

"Innalillahi!" in ji Nata'ala. Ya cusa wa Tajuddeen tocilar a hannu ya fice.

Mutumin da ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, yau shi ne ke gudu a lungu, babbar riga na tashi, takalmi ɗaya ya cire ya bar shi a baya. Wata mai tallan ɗanwake ta manne da katanga tana salati. Ya karyo kwana ya hango Malam Ɗahiru ya fito da buta a hannun hagu, ya sunkuya, yatsan damansa ya kusa kai wa makunnin.

"Ɗahiru! Kada ka taɓa!"

Ya faɗa masa ya cafke wuyan hannunsa. Buta ta faɗi, ruwa ya malale a ƙafafunsu.

"Subhanallahi! Malam Nata'ala, lafiyarka kuwa? Sake ni!"

"Ba zan saka ba. An cire batir. In ka kashe, ka kashe jirgin har abada."

"To sai me? Ana kiran sallah kana yi mini maganar batir? A yi sallah cikin wannan ƙara don injin wasa? Da girmanka, da furfurarka?"

Masu zuwa masallaci suka fara tsayawa. Teloli suka leƙo daga shago. Nata'ala ya ji faɗan da ya saba yana taso masa, maganganun da ya daɗe yana tanadar wa mutumin nan duk suka zo bakinsa a jere. Ya san in ya fara ba zai tsaya ba, kuma yana cikin yi Ɗahiru zai fizge hannu ya danna. Ya haɗiye su da ƙyar, kamar mai haɗiyar tuwo da zafi.

"Malam Ɗahiru," ya ce, muryarsa ta sauka har sai da aka matso don a ji, "kun rufe mini wuri, ban roƙe ka ba. Na sayar da sauran, ban roƙe ka ba. Yau ina roƙonka don Allah. Wannan kaɗai ya rage mini. Ka ba yarinyar nan ɗan lokaci ta gama."

Ɗahiru ya dube shi. Ya san Nata'ala mai ihu, ya san yadda ake amsa masa. Wannan da ke gabansa da ƙafa ɗaya babu takalmi, idonsa ya kawo ruwa, bai san yadda zai yi da shi ba.

Ana haka limamin masallacin ya iso, Malam Abdulmalik, matashi ne a kan su, mai natsuwa, da wuya ka ga haƙorinsa. Ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa a gurguje. Sai ya matso kusa da Nata'ala ya rage murya.

"Baba, wai jirgin nan? Mai wucewa ta saman teku? Har yanzu yana nan da rai?"

"Yana nan, Malam."

"Ikon Allah. Ni fa muna yara ban taɓa wuce babban jirgin ruwan nan ba, kullum a nan yake kayar da ni."

Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce shi ma haka. Wani ya ce shi ya sha wucewa, aka ce ƙarya yake. Manyan mutane masu iyali, wasu da tumbi, wasu da gemu, suka hau gardama a ƙofar masallaci kamar an mayar da su 'yan firamare. Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Lokacin azahar yana da faɗi, Malam Ɗahiru. Jama'a su yi alwala, mu ɗan jinkirta tayar da sallah. Allah ya saka maka da alheri a kan ladabin da kake yi wa masallaci, amma yau maƙwabcinka ne a cikin buƙata."

Ɗahiru ya ja tsaki, ya zare hannunsa daga na Nata'ala, ya ɗauki butarsa. Ya tsaya yana sauraron janaretan, sai ya ɓata fuska. Ya juya ga shago ya daka tsawa.

"Kai, ku tsayar da kekunan ɗinkin nan! Wa ya bar dutsen guga a jone? Ba ku ji muryar inji tana hawa tana sauka ba? Ku cire komai, a bar masa layi ɗaya. In za a yi abu a yi shi da kyau." Ya gyara tsayuwa a gaban janaretan ya harɗe hannu, ya dubi Nata'ala. "Kai kuma ka tafi, ka tsaya kana kallona. Babu mai taɓa shi."

Nata'ala ya koma yana ɗingishi. Ya tarar da Bahijja ta jiƙe sharkaf da gumi, kanta na cikin injin, ba ta ko waiwayo ba. Tana jin kiran sallar ta gane abin da ke shirin faruwa, amma ba ta yi gaggawa ba, don ta san dalmar da aka liƙa a gigice ba ta kamawa. Ta goge tsatsar, ta zaunar da sabon batir, ta ɗiga dalma a ƙafa ɗaya, ta hura, ta ɗiga a ɗayar. Ta ɗora na'urar awo ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta fito da kanta ta zauna daɓas a ƙasa.

"Na gama, Baba. Amma ba za mu sani ba sai an kashe an sake kunnawa. In ya kama, jirgi zai dawo. In akwai inda na kuskure, ba zai dawo ba."

Wato mutumin da ya yi gudun ceton rai don a bar janareta, shi ne kuma zai je ya ce a kashe. Ya daɗe yana kallon ɗan jirgin yana kaiwa da komowa a saman ruwa, don bai sani ba ko ganin ƙarshe yake yi masa. Ya fita ya tsinci takalminsa a hanya, ya isa ƙofar masallaci ya ce, "Malam Ɗahiru, kashe." Ɗahiru ya danna. Lungun ya yi tsit, aka tayar da sallah.

Allah ya yafe wa Nata'ala sallar nan, don rabin hankalinsa na zaure. A sujadar ƙarshe ya daɗe, ya roƙi abin da bai taɓa zaton zai roƙa a masallaci ba, ya ji kunya, ya sake roƙa. Ana sallamewa ya miƙe, sai ya ga sahu biyu sun miƙe tare da shi. Suka bi shi a baya har gida, liman a cikinsu yana ta gyaran murya kamar hanya ce kawai ta biyo da shi. Zauren ya cika, wasu suka tsaya a waje suna ɗage. Malam Ɗahiru bai biyo su ba, ya ce shi yana da aikin yi.

Daga can aka ji ya ja igiyar janareta. Ta farko ta ƙi. Ta biyu ya yi tari ya mutu. Wani ya ce, "Haba Malam Ɗahiru!" A ta uku ya kama da ruri.

Bahijja ta ce, "Baba, kai za ka kunna."

Ya miƙa hannu bayan injin ya danna. Gilashi ya yi ƙara, ya kawo haske fari fat, babu komai a ciki. Kowa ya ƙura masa ido. Sai wasu rubuce-rubuce suka gilma, farin ya koma shuɗi, teku ya shimfiɗu, ɗan jirgin ya shigo daga ƙasa yana kaɗa fukafukai, kiɗan ya tashi.

Kai, ranar an yi ihu a Soron Ɗinki! Kabbara ta tashi, wani ya buga tafi, mata a cikin gida suka rangaɗa guɗa ba su ma san me aka yi ba tukuna. Tajuddeen ya juya wayar yana magana da Turanci, ya koma Hausa da abin ya fi ƙarfinsa. Nata'ala ya dafa kan Bahijja yana ta sa mata albarka, hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda ya gani ba.

Da hayaniya ta lafa Tajuddeen ya durƙusa a gabansa. Ya ce yanzu injin nan ya shiga sahun waɗanda ake ji da su, ransa na asali, makullinsa na asali, ga shaida a bidiyo. Ya ce in Baba zai yarda ya rabu da shi, ko bango ne za a fasa a fitar, a gyara masa.

Nata'ala ya share fuska da hannun riga. "Ɗana, ka kyauta, Allah ya yi maka albarka. Amma babu inda za shi. Ka gaya wa mutanenka akwai guda mai rai a Kano. Mai son gani ya zo, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma."

Ya buɗe ƙofar kwandala ya ɗebo tsofaffin kwandaloli cike da hannu, ya miƙa wa liman ta farko. Malam Abdulmalik ya waiga hagu da dama, ya naɗe hannun riga.

Sai ga kan Malam Ɗahiru ya leƙo ta ƙofa, tabarau a karan hanci, fuska a murtuke. Bai shigo ba.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Malam Ɗahiru."

"To. A dai riƙa tunawa mai ake ƙonawa."

Ya juya ya tafi. Nata'ala ya bi shi zuwa bakin ƙofa don ya yi masa godiya, amma kafin ya buɗe baki ya jiyo shi a tsakiyar lungu yana ɗaga wa telolinsa murya, har da ɗaga buta sama.

"Ku ci gaba da aiki, me kuke jira? Namu ya tashi!"